Shayi mai ƙanƙara da bilakberi: abin shan bazarar Amurka, yadda ake haɗa shi da abin da ke cikin kofin

Idan aka ce BlackBerry a fadar samari a Maradi ko Damagaram, abin da zai faɗo wa kowa a rai shi ne wayar nan mai ƙananan maɓallai da ta yi tashe kafin Android ta kore ta daga kasuwa. Ba kowa ya san sunan na aro ne ba. Kamfanin Kanada da ya ƙera wayar ya ɗauko shi ne daga wani ɗan itace baƙi mai ƙananan ƙwayoyi a cure, saboda maɓallan sun yi kama da ƙwayoyin. Faransawa na kiran sa mûre. Wayar dai ta kwanta dama, tun ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin na'urorinsa. Ɗan itacen kuwa yana nan, kuma duk shekara daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu nan muke kallon hadari muna lissafin shuka, shi ne ke rina kofunan shayi mai sanyi a gidajen Amurka, inda a lokacin ne tasu bazarar ke kan ganiyarta.

Ƴan Nijar mazauna can sun san shi. Wanda ke Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, garin da ya tara ƴan ƙasarmu masu yawa, ya faɗa tsakiyar yankin da shayi mai ƙanƙara ya zama kamar ruwan sha. Na gida kuma suna ganin sa a bidiyon TikTok: babban kofin gilashi cike da ƙanƙara, ruwa ja mai duhu, ganyen na'ana'a a sama. Da ganin sa ka ce bisaf ne, amma ba shi ba ne.

Yadda shayi ya hau ƙanƙara

Ga wanda ya tashi a fada, zancen shayi mai sanyi kansa abin dariya ne. Namu shayin koren ganye ne na ƙasar Sin, ana dafa shi a ƴar buta kan gawayi, a yi ta juye shi har ya yi kumfa, a sha na farko da na biyu da na uku yana ƙona leɓe, ko da kuwa a watan Afrilu ne zafi ya haura digiri 43. Shayin da ya huce a wajenmu shayin da aka yi sake da shi ne. A Amurka abin a juye yake. Ƙungiyar masu sana'ar shayi ta ƙasar ta sha faɗin cewa kusan kashi uku cikin huɗu na shayin da Amurkawa ke sha mai ƙanƙara ne.

Asalin abin ba daga shayin ba ne, daga ƙanƙarar ne. Tun kafin a san firigo, wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya riƙa sare ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare a hunturu yana lodawa a jiragen ruwa. A 1806 ya kai ta tsibirin Martinik, a 1833 ya kai ta har Kalkata a Indiya. Garuruwan kudancin Amurka masu zafi su ma sun zama kasuwarsa, sai dai a lokacin sai mai hali ke sayen ta. Shayi na da tsada, sukari na da tsada, ƙanƙara ta fi su duka, saboda haka haɗa ukun a kofi ɗaya nuna arziki ne. Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan haɗa shayi mai sukari da ƙanƙara da aka buga yana cikin wani littafin girki na jihar Bajiniya da Marion Cabell Tyree ta fitar a 1879, kuma abin sha'awa, koren shayi ne a ciki, dangin wanda muke dafawa a fada.

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne na baje kolin duniya da aka yi a birnin St. Louis a 1904. Wai wani Bature ɗan Ingila, Richard Blechynden, ya zo tallar shayin Indiya, zafi ya hana mutane kusantar rumfarsa, sai ya zuba shi kan ƙanƙara, jama'a suka yi caa. Ana cewa shi ya ƙirƙiro abin, amma littafin 1879 kaɗai ya isa ya ƙaryata hakan. Abin da za a iya ba shi shi ne ya tallata. Dokar hana giya ta 1920 zuwa 1933 ta ƙara masa kasuwa. Yaƙin duniya na biyu kuma ya yanke hanyar koren shayi daga Japan da Sin, Amurkawa suka koma baƙin shayin Indiya da Silon, ba su sake juyowa ba.

A jihohin kudu abin ya wuce sha, ya zama alamar asali. A 2003 wasu ƴan majalisar jihar Jojiya sun gabatar da ƙudurin da zai tilasta wa duk gidan abincin da ke sayar da shayi mai ƙanƙara ya tanadi mai sukari. Wasa ne na ranar 1 ga Afrilu, bai zama doka ba, amma babu wanda ya yi mamakin ganin sa. Baƙon da ya shiga gidan abinci a Karolina ko Jojiya ya ce a ba shi shayi, mai sanyi mai zaƙi za a kawo masa. Mai son na zafi sai ya faɗa da bakinsa.

Ɗan itacen da ke tsiro cikin ƙaya

Bilakberi ba babbar bishiya ba ce. Sarƙaƙiya ce mai ƙaya, dangin furen wardi, tana yaɗo bakin hanya da gefen gona da kangon gida. Ɗan yana farawa kore, ya koma ja, sannan ya yi baƙi sidik. Jan yana da tsami sosai, kuma idan aka tsinke shi bai nuna ba, ba ya ƙara zaƙi a ajiye kamar yadda mangwaro ke yi. Wannan ya sa mai saye ya kamata ya duba da kyau: wanda ya yi baƙi ko'ina, ya cika, bai jiƙa gindin kwalin da ruwansa ba.

A Faransa da Beljiyam da Ingila kyauta ne ga mai juriyar ƙaya. Daga Agusta zuwa Satumba iyalai kan fita da bokiti su tsinko a shingayen karkara. Turawan Ingila ma suna da camfinsu, wai bayan farkon Oktoba ba a tsinka saboda Shaiɗan ya tofa masa miyau; gaskiyar maganar ita ce sanyi da laima na sa shi ruɓewa da fumfuna a lokacin. A arewa maso yammacin Amurka kuwa wani iri da masanin tsirrai Luther Burbank ya yaɗa tun 1885 ya zama annoba, ya cinye filaye a jihohin Oregon da Washinton, hukumomi na kashe kuɗi wajen tuge shi. A Oregon ɗin ne kuma aka fitar da irin da ake kira Marion a 1956, wanda har yau ake ji da shi wajen ɗanɗano. Amma wanda ake gani a kanti cikin ƙananan kwalayen roba na giram 170, galibinsa daga Meziko yake zuwa, musamman jihar Michoacán.

Haɗin lita biyu

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: bilakberi giram 340, wato ƙananan kwalaye biyu, ko na firiza mai nauyin haka, jakar baƙin shayi shida, irin Lipton ɗin mai shayin bakin tasha, sukari giram 80, lemun tsami ɗaya, na'ana'a in ana so, da ruwa lita biyu.

Da siro ake farawa. A wanke ƴaƴan, a zuba a ƙaramar tukunya da sukarin da ruwa kwatan lita. Idan ya tafasa a rage wuta, a bar shi minti takwas zuwa goma, ana danne ƴaƴan da bayan cokali har su fashe. Sai a tace da rariya mai laushi ko ƙyalle mai tsabta. Tacewar nan ba a yi mata gaggawa, domin ƙwayoyin cikin bilakberi ƙanana ne masu tauri, suna maƙalewa a haƙori kamar tsakuwa a shinkafa. Ƙyallen da aka yi amfani da shi kuma a haƙura da shi, launin ba ya fita da sauƙi.

Shayin daban ake yin sa, kuma a nan ne ɗan fada zai yi kuskure in ya bi hannunsa. Baƙin shayin da za a sha da sanyi ba a dafa shi kan wuta. A tafasa ruwa lita ɗaya, a sauke, a jefa jakunkunan shida, a rufe minti huɗu zuwa biyar, a cire ba tare da an matse su ba. In an wuce haka ko an matse, sinadarin da ke sa baki ɗaurewa, irin wanda ake ji a goro, zai fito da yawa, kuma sanyi na ƙara bayyana ɗacinsa. Mai son shayi mai ƙarfi ya ƙara jaka, kada ya ƙara minti.

Daga nan a haɗa siron da shayin tun suna da ɗumi, a ƙara sauran ruwan, a matsa rabin lemun tsami, a ɗanɗana. Lemun ba don tsami kaɗai ba ne. Launin bilakberi daga wani rukunin sinadarai yake da ake kira antosiyanin, shi ne dai ke cikin bisaf, kuma tsami na sa shi ya yi ja mai haske. Kishiyarsa kanwa ce. Tsofaffin matan kudancin Amurka na da dabarar jefa ɗan bikarbonat a shayinsu don kashe ɗaci, kusan yadda iyayenmu ke kashe tsamin yakuwa da kanwa. Dabarar na aiki a shayi tsura, amma in akwai bilakberi a ciki za ta dusashe launin ya koma wani shuɗi-shuɗi maras kyan gani. A bar ta.

Kada a tura shi firigo da zafinsa. Shayin da ya yi sanyi farat ɗaya yakan yi hazo, ya zama kamar ruwan gulbi, saboda kafeyin da sinadaran ganyen suna cuɗewa su taso. Ba ya cutarwa, ido ne kawai ba ya so. A bar shi ya huce kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a sa. In ya riga ya yi hazon, ɗan tafasasshen ruwa na warware shi. Ƙanƙara kuma a kofi ake sa ta lokacin sha, ba a cikin jug ba, in ba haka ba kofi na uku ruwa ne mai launi. Wasu sukan daskarar da wani kaso na shayin kansa su yi ƙanƙarar da shi. Abin da ya rage a sha shi cikin kwana biyu zuwa uku, kuma kada ya kwana a waje.

Akwai hanyar malalata, wadda a ganina ta fi daɗi: a jiƙa jakunkunan a ruwan sanyi a firigo tun dare, awa takwas zuwa goma sha biyu, da safe a cire a zuba siro. Ɗaci kusan babu. Akwai kuma wadda ba a so, ta ajiye kwalbar ruwa da shayi a rana ta yi awoyi. Ruwan ba ya kai zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta, yana tsayawa ne daidai ɗumin da suke hayayyafa, shi ya sa jami'an lafiya a Amurka suka daɗe suna hana ta.

Tafasa siron ma yana da wani amfani bayan ɗanɗano. An sha samun cutar hanta nau'in A a ƴaƴan itatuwa irin waɗannan na firiza. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu bilakberi saboda haka. Daskarewa ba ta kashe wannan ƙwayar, tafasa ce ke kashe ta. Hukumar kula da abinci ta Ailan na ba da shawarar a tafasa na firiza da aka shigo da su aƙalla minti ɗaya. Wanda ya yi siro ya riga ya wuce nan.

Lissafin sukari

Giram 80 da aka ambata a sama ba shi ne ma'aunin Amurkawa ba, da gangan aka rage. A kudancin ƙasar ana zuba kofi ɗaya zuwa biyu na sukari, giram 200 zuwa 400, a galan ɗaya mai lita 3.8. A ma'auni na sama, lita ɗaya na ɗauke da giram 105 ke nan, daidai da Coca-Cola, wadda gwangwaninta na santilita 33 ke da giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, kuma gara a tsaya kashi 5, wato kusan giram 25 ga babba, ƙaramin cokali shida. Babban kofi ɗaya a gidan abinci ya wuce wannan, ga shi a wurare da yawa a can ƙari kyauta ne, da kofin ya yi ƙasa ma'aikaci zai cika shi. Sanyi kuma na rage jin zaƙi a harshe, mutum na sha bai san yawan abin da ya shiga ba.

Wannan ya shafi ɗan Nijar da ke tuƙin mota ko aikin sito awa goma a Greensboro ko Bronx fiye da yadda yake zato. Ya bar gida da al'adar shayi uku masu sukari, ya tarar da wata al'adar ta ƙara masa lita guda a kai, tafiyar ƙafa ta ragu, asibiti kuma a can ba wurin da ake shiga da wasa ba ne ga wanda ba shi da inshora. Haɗin gida na giram 80 a kofi takwas yana ba da giram 10 a kowane kofi, da ɗan ƙarin giram biyu daga ɗan itacen kansa. Bambancin ba kaɗan ba ne, kuma bilakberi na taimakawa, domin ƙamshinsa na cike gurbin da sukari ya bari.

Yawan shan ma da nasa. A 2015 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta ba da labarin wani mutum ɗan shekara 56 a jihar Arkansas da ƙodarsa ta daina aiki; bincike ya nuna yana shan kofi 16 na shayi mai ƙanƙara kullum, sinadarin okzalat da ke cikin baƙin shayi ya taru ya toshe ta. Kofi biyu ko uku ba su kai nan ba. Mata masu ciki da masu ƙarancin jini kuma su raba shi da lokacin cin abinci, saboda shayi na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga hatsi da wake da ganye.

Sai wani tarko da sabon zuwa ke faɗawa. Ba duk abin da aka rubuta wa shayi mai ƙanƙara ba ne shayi. Wanda ake kira Long Island Iced Tea haɗin giya ne kala-kala, babu ko ɗigon shayi a cikinsa, launi kawai ya ara. Gwangwanin da aka rubuta wa kalmar hard, irin su Twisted Tea, shi ma da barasa a ciki, kuma a shagon gidan mai yakan zauna kusa da na halal a firigo. Musulmi ya karanta kafin ya buɗe.

In a gida ne fa?

Bilakberi ba ɗan Sahel ba ne. Yawancin irinsa na buƙatar dogon sanyin hunturu kafin ya yi fure, ɗan kuma ba ya jure tafiya, kwana kaɗan ya lalace. Wanda ke Tawa ko Damagaram ba sai ya wahalar da kansa wajen nema ba. Abin da ɗan itacen ke kawowa cikin kofi uku ne, launi da tsami da ƙamshi, kuma biyu daga ciki suna nan a buhun bisaf a kowace kasuwa. Tafin hannu ɗaya na busasshen bisaf, a wanke, a dafa da sukari da ruwa kwatan lita kamar yadda aka yi siron can, a tace, a haɗa da baƙin shayi. Lemun tsami a rage ko a bari, don bisaf ya fi bilakberi tsami nesa ba kusa ba. Citta da na'ana'a na shiga lafiya. Mai son duhun launi da zaƙi mai nauyi ya tuna da ɗinya, wadda kakanninmu ke yin maɗi da ita tun kafin a san Lipton. Wanda ya ɗanɗani biyun ba zai ce haɗin bisaf ya gaza ba. In ma akwai bambanci, a ƙamshi ne, kuma kuɗin ƙananan kwalaye biyu a Amurka zai sayi bisaf ɗin wata guda a Maradi.

Matsalar gida ba ɗan itace ba ce, ƙanƙara ce, kamar dai zamanin Tudor. Afrilu da Mayu, lokacin da aka fi buƙatar ta, su ne lokacin da NIGELEC ta fi ɗauke wuta. Ba a manta da abin da ya faru bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba mu kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarki, ta yanke layi har zuwa Maris 2024. Duk sanda wuta ta yi wuya, ko azumi ya zo cikin zafi, ƙanƙarar leda kan zama kayan gabas, kuma mai saye ba ya tambayar da wane ruwa aka yi ta. Daskarewa ba ta wanke ruwa. Ƙwayoyin zawo da na taifot da dama na rayuwa cikin ƙanƙara su farfaɗo idan ta narke. Maradi ta ga kwalara a 2018, ta sake gani a 2021 tare da Damagaram da Tawa da wasu jihohi. An tafasa shayi, an tafasa siro, sai a zo ƙarshe a fasa ƙanƙarar da ba a san asalinta ba a jefa ciki, duk tafasar ta tashi a banza.

Maganin da masu sayar da bisaf na kirki ke yi shi ne su bar ƙanƙarar a cikin ledarta: a zuba shayin a kwalabe masu murfi, a jera su a kula, a sa ƙanƙarar a gefe ta sanyaya su daga waje. Inda babu ƙanƙarar ma, kwalbar da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu aka rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko aka tsoma a randa, tana yin sanyin da ya isa a sha. Sai dai wanda aka sanyaya haka ba ya kwana. A haɗa daidai na yini, lita ɗaya da jaka uku da sukari giram 40, a shanye kafin magariba.